Yadda ake sayen tsohuwar motar Turai mai turbo a Legas ba tare da ta cinye maka jari ba

Duk wanda ya taɓa zagaya wajen masu saida motoci a Legas ya ga abun nan da idonsa. Ga Camry ko Corolla ta 2004 an kafa mata kuɗi kamar gwal, a gefenta kuma ga Passat ko Audi A4 ko Volvo S60 sa'arta, kujerun fata, ƙofa in ka rufe ka ji dum kamar ta firij, amma kuɗinta ya yi ƙasa har ka fara tunanin ko bashi ne ya taso mai ita gaba. Ba bashi bane malam, tsoronta ake, kuma masu tsoron suna da gaskiyarsu. Ni na saya, Passat 1.8T ta 2003, wato mai injin lita 1.8 da turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ita nake hawa daga Agege zuwa Apapa, wata ukun farko ta sha min kuɗi saboda jahilcina, daga baya muka fahimci juna muka zauna lafiya. To ga yanda zan yi da a ce yau zan sake saye.

Kafin ka je ganin ko wace mota, fara nemo bakanike. Na san abun zai zo maka a baibai amma haka ne. Bakaniken unguwa da ya saba da Toyota da danfo mutumin kirki ne, sai dai motar nan ba hannunsa bace, in ta yi zafi abu na farko da zai ce maka shi ne a cire tamostat, wato abun da ke daidaita zafin inji, a haɗa fanka dairek, wai an yi ta ne don ƙasar sanyi. Wanda duk ya faɗa maka haka ka gaishe shi ka wuce. Ka nemi wanda in ka shiga garejinsa zaka tarar da Volkswagen da Audi uku huɗu a fake, yana da kwamfutar duba su, ka tambaye shi wace iri yake samun kayanta a Ladipo, babbar kasuwar kayan gyaran mota, cikin sauƙi, wace iri ce in ta shigo take kwana wata. Amsarsa ita zata zaɓa maka mota, ba hoton da ka gani a shafin saye da sayarwa na Jiji da daddare ba. Nawa wani dattijon Bayerabe ne a wajen Mushin, Baba nake ce masa, shi ya ce min motar Jamus bata yafiya, abun da ka hana ta yau zata karɓa gobe da riba.

Sai maganar kuɗi. Abun da ke hannunka ka kasa shi uku, kashi biyu na mota, kashi ɗaya ka ɓoye shi kar ma dillali ya ji ƙamshinsa, don na gyaran satin farko ne da takardu. In kuɗinka ba zai kasu haka ba to lokacinka bai yi ba tukuna. Ka tuna da mai kuma, tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lissafin mota ya canza, turbo in kana lallaɓa ta bata da shan mai sosai amma in ƙafarka nada nauyi allurar tanki zata rinƙa sauka kana kallo.

Yanzu wace za a saya. Passat mai injin 1.8T, musamman ta 2001 zuwa 2005, da Audi A4 ta wannan zamanin kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke, inji ɗaya ne, silinda huɗu bawul ashirin, kuma su suka fi sauƙin kaya a Legas. Ciwonsu sananne ne: baƙin mai yana daskarewa a ciki ya zama kamar kwalta ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki, turbo ya rasa mai ya ƙone, inji ya bi bayansa. Abun ya yi yawa har a 2004 kamfanin ya ƙara wa masu motocin a Amurka garanti zuwa shekara 8 a kan wannan matsalar kaɗai. Dalili kuwa kaskon man ƙarami ne, kusan lita 4 yake ci, ga zafin turbo, ga mutane na zuba man gargajiya su manta da juye. Kaga in a Amurka haka ta faru, to ina ga wadda ta shekara goma a goslon Oshodi ana zuba mata man galan. A4 kuma akwai tarko guda, wadda ke ja da tayun gaba kawai kuma otomatik, yawanci giyarta Multitronic ce, wato CVT, giyar da bata da matakai, ka bar ta ko kyauta aka baka. Quattro, wato mai ja da tayu huɗu, mai giyar otomatik ta Tiptronic ko mai giyar hannu ita ce ta zama. Masu injin 2.0T da suka biyo baya sun fi ƙarfi amma sun fi laulayi, na farko-farkon akwai wani ɗan ƙaramin ƙarfe kamar murfin kwalba a ƙarƙashin famfon fetur da ke cinyewa, in ba a canza shi da wuri ba ya ci kamshaf, A4 ta 2009 zuwa 2011 kuwa ta yi suna wajen shan baƙin mai.

Volvo S60 ta farko, 2001 zuwa 2009, mai silinda biyar 2.4T ko 2.5T, ni a ganina injinta ya fi haƙuri, kujerunta kuwa in ka zauna sai ka ji kamar kar ka iso gida, sai dai masu gyaranta basu kai na Volkswagen yawa ba, kuma na shekarun farko suna fama da na'urar totur ta lantarki. Saab mota ce mai daɗi amma kamfanin ya durƙushe tun Disambar 2011, in fitila ta fashe sai ka yi yawon Ladipo da Owode Onirin kana roƙo. BMW 335i mai turbo biyu kyan ɗan maciji ce, in ka ganta da arha ka yi mata addu'a daga nesa, mai neman mota mai sauƙin kuɗi ba shi aka yi wa ita ba.

Inda zaka nema. Kasuwar Berger ta kan titin Oshodi zuwa Apapa, ba Berger ta Ojodu ba don baƙi na yawan rikita su, can ne matattarar tokunbo, wadda mu a gida muke ce wa Beljiyam. Amma gaskiya mota mai shekara ashirin yanzu da wuya ka same ta sabuwar saukowa daga jirgi, dala ta tashi, kwastan sun kawo tsarin kimanta diyuti da lambar VIN, wato lambar shasin mota, tun 2022, shigo da tsohuwa irin wannan bata fidda kuɗinta. Don haka yawancin wanda zaka gani an hau su a nan, in wani ya cire lamba ya wanke inji ya ce maka jiya ta fito daga tashar jirgin ruwa ta Tin Can ka sa alamar tambaya. Ni na fi son in saya daga hannun mai ita kai tsaye, mutum ɗaya da ya daɗe da ita, wanda in ka tambaye shi wane baƙin mai yake zuba mata zai faɗa maka ba tare da ya kalli sama ba. In ya ce ai duk wanda bakanike ya kawo, ka riga ka samu amsa. Ka karɓi lambar VIN tun a waya, harufa da lambobi 17 ne, a motar da aka yi don kasuwar Amurka na goma shi ke nuna shekara, 3 na nufin 2003, 5 na nufin 2005, da haka zaka kama mai yi maka ƙarya a kan shekarar mota. In daga Amurka ta zo ka biya a ciro maka rahoton Carfax, wato tarihin motar a can, ko ka buga lambar a Google, sau da yawa hotunan gwanjon Copart ko IAAI na fitowa ka ga yanda gabanta ya lotse ko ruwa ya shanye ta kafin a gyara. Mitar tafiya kuwa kar ka yarda da ita, ana mayar da ita baya, ka duba cinyewar sitiyari da robar birki da gefen kujerar direba, kuma ka lura ko mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Ranar dubawa ka je da sassafe kai da bakanikenka, ka gaya wa mai motar kar ya tada ta kafin ku iso. Kuna zuwa ka ɗaga bonet ka ɗora bayan hannunka a kan inji, in da ɗumi an riga an ɗumama ta don a ɓoye wani abu, ka ce zaka dawo gobe. A nan ni na faɗi. Na je da yamma bayan la'asar ni kaɗai, mutumin ya tarbe ni da fara'a yana ta Alhaji Alhaji, inji na aiki lub-lub an fesa masa mai sheƙi, esi na busa sanyi, ni kuma zuciyata ta riga ta saya tun kafin in zauna. Kwana tara bayan nan a kan gadar Third Mainland jar fitilar mai ta kama tana ƙara, na samu na lallaɓa gefe na kashe. Da Baba ya sauke kaskon mai ya miƙo min rariyar a tafin hannunsa, wallahi ramukanta ko ɗaya ba a gani, wani baƙin abu ne ya dame a jiki kamar ƙanzon tukunya, ya sa sukundireba yana kankarowa yana girgiza kai. Allah ya taimake ni na kashe da wuri, inji ya tsira, turbo dai ya tafi.

To ga abun da zaka duba tun inji na kashe. Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka haska tocilan waya ciki, ƙarfen ya kamata ya zama ruwan zuma ko ruwan ƙasa-ƙasa, in ka ga baƙin dunƙule ko ka lakato da yatsa ya fito kamar kwalta, rufe bonet ku tafi, babu wani ragin kuɗi da zai biya wannan. In kuma ƙarƙashin murfin akwai farin abu kamar madara to ana zargin ruwa na haɗuwa da mai, gasket kenan ko kular mai. Duba robar ruwan lagireto, a Volkswagen da Audi ruwan hoda ake so, G12, in ka tarar da ruwan famfo mai tsatsa ka san irin riƙon da aka yi mata. Sa bakanike ya kwance babban tiyon iska da ke shiga turbo, ɗan damshin mai ba komai bane a tsohuwar mota, amma in mai ya taru yana ɗiga da magana, in hannu na kaiwa ya taɓa farfelar ya ji ko tana wasa gaba da baya ko tana gogar bango. A Volvo akwai gwajin safar roba, in an tada inji sai a ɗaura safar hannu a bakin zuba mai, in ta shige ciki lafiya, in ta kumbura kamar balan-balan to hanyar numfashin injin ta toshe kuma zata fara tura mai ta sil. Ka tambayi yaushe aka canza taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin, in babu rasit ka ɗauka ba a canza ba, don a irin injinan nan in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi, ka tashi daga canjin bel ka koma gyaran kan inji gaba ɗaya.

Sannan ka durƙusa ka ɗaga kafet ɗin gaba, duka ɓangare biyu, ka tura hannu can ƙasa ƙarƙashin soso. Wannan a Legas ba abun wasa bane. Passat ɗin nan batirinta a wani kwari yake ƙarƙashin gilashin gaba, kwarin nada ramukan fitar ruwa da ganye da ƙasa ke toshewa, ruwan Yuni da Yuli in ya taru sai ya gangaro cikin mota, kuma a ƙarƙashin kafet aka ajiye kwamfutar da ke kula da gilasai da makullai, ta giyar otomatik ma a ɗaya gefen take. In ka ji damshi ko warin rima, ko an fesa turare ya yi yawa, ko ƙusoshin kujera sun yi tsatsa, to ko dai wannan ne ko ta yi iyo a ambaliyar Lekki. Leƙa ƙarƙashinta kuma, tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka lokacin ƙanƙara tana cin ƙarfe, ka tabbata kuma indomi, wato matatar hayaƙi, na nan a jikin salansa ba a fasa an kwashe ba, don ana yi.

Yanzu murɗa makulli ba tare da ka tada ba. Duk fitilun dashbod su kama, ta inji, ta mai, ta birkin ABS, ta jakar iska, sannan su mutu bayan an tada. Wadda bata kama ba tun farko an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta da baƙin tef. Ka sa wani ya tada kai kana tsaye a baya kana kallon salansa. Ɗan farin tururi da safe da ke ɓacewa ba komai, shuɗin hayaƙi mai ne ke ƙonewa, farin da ya ƙi tsayawa mai ɗan zaƙin wari ruwa ne, baƙi kuma fetur ya yi yawa. Sai a jona kwamfuta, soket ɗin na ƙarƙashin sitiyari, ga Volkswagen da Audi manhajar VCDS ce ke shiga ko'ina, ga Volvo kuma VIDA. Cikin lambobin laifi da kwamfutar ke nunawa, P0299 na nufin turbo baya bada iska yanda ya kamata, P0300 da 'yan uwanta inji na tsallake wuta, galibi kwayil ne, mai bai wa fulogi wuta, ko fulogin kansa, kuma wannan mai sauƙi ne, P0420 maganar indomi ce. In kwamfuta ta nuna tas babu komai kar ka yi murna tukuna, ka ce bakanike ya duba ko gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun kammala, in duk suna nuna ba a gama ba to yanzu-yanzu aka goge laifukan.

Gwajin tuƙi kar ya gaza minti talatin, kuma kai zaka tuƙa, rediyo a kashe. Kana buƙatar wuri biyu, buɗaɗɗen titi irin Ikorodu Road da safiyar Lahadi inda zaka taka sosai, da goslo inda zaka tsaya da esi a kunne ka ga ko allurar zafi zata wuce tsakiya, a Volkswagen a kan 90 take zama daram. Kar dai zumuɗi ya kai ka layin BRT, wanda aka keɓe wa manyan motocin bas. In ka taka, ƙarfin ya zo sumul da ɗan siririn fito, in ka ji kuka kamar jiniya turbo na bankwana, in ka ji huci kamar taya na sacewa tiyo ya fashe. Bayan ka sauko daga gudu ka bar ta a tsaye minti biyu sannan ka taka ka kalli madubi ko shuɗin hayaƙi zai biyo. Giya ta rinƙa shiga ba duka ba jinkiri, musamman in ta yi zafi, daga P zuwa D da R kar ta yi gum. Bi ta kan gargada a hankali ka saurari gaba, Passat da A4 hannuwan ƙafa takwas gare su a gaba, huɗu kowane gefe, ramukan Legas na gamawa da su, ƙwas-ƙwas ɗin da zaka ji ba zai hana saye ba amma ka sa shi a lissafin ragi.

In ta tsallake duk wannan sai takardu, kuma kar ko sisi ya fita kafin ka gansu. Takardar diyutin kwastan ita ce uwa, lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta jikin mota, ta gilashin gaba da ta jikin bodi, harafi da harafi, kuma ka je ofishin kwastan a tantance maka ita. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, to wadda aka ce ta biyo ta Kwatano bayan nan ka yi hattara, musamman kai da zaka rinƙa tafiya gida kana wuce shingaye. Sai lasin, takardar mallaka, ta lafiyar mota, da inshora, wadda ƙaramarta ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Sunan mai saidawa ya dace da na takarda da katin shaidarsa, in ya ce ta yayansa ce to a kira yayan. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, a biya ta banki don ya zama da shaida, la'adar dillali a yanke ta tun kafin a fara ciniki, sannan ka yi canjin suna a ofishin lasin na jihar Legas a satin, kar ka bari sai an tare ka. Wajen tayi kuwa jerin gyaran da bakanike ya rubuta shi ne makaminka, ka karanto masa ɗaya bayan ɗaya da kuɗinsu, in ya ce albarka ka bar masa lambarka ka tafi, masu neman irin motar nan basu da yawa, sau da yawa shi zai kira.

Daga wajen ciniki gareji zata wuce, ba gida ba, duk da na san iyali na jiran a zaga da su. A canza taimin bel da tenshina da famfon ruwa a lokaci ɗaya tunda aikin kwancewar ɗaya ne, a sauke kaskon mai a wanke rariya, a duba siririn bututun da ke kai wa turbo mai, a zuba man sintetik 5W-40 mai ɗauke da lambar VW 502 00 a jikin galan in Volkswagen ce ko Audi, da filta mai kyau, kuma ka sayo da kanka a wurin da ka yarda da shi don jabun mai ya yi yawa. A mayar da tamostat in an cire, a zuba ruwan lagireto na gaskiya, a buɗe ramukan nan na ƙarƙashin batir, fulogi sababbi. Daga nan juye duk kilomita 5,000 nake yi, don awa biyu a goslon Apapa inji na aiki mita bata ƙirgawa. Da safe kar ka taka ta da ƙarfi sai ta ɗumama, in ka sha gudu ka bar ta minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, fetur kuma ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su, in ka ji inji na ƙaras-ƙaras a hawa ka sassauta ƙafa. Ruwa in ya kai rabin taya kar ka shiga, ko danfo na bayanka na ta hon.

Tafiyar sallah kuwa, kar ka saye ta yau ka ɗau hanyar Kano jibi, kilomita wajen 1,000 ce ko fiye. Ka yi wata biyu da ita a cikin gari, ka gwada ta zuwa Ibadan ka dawo ka duba mai da ruwa. Ranar tafiya ka sa kwayil biyu a but, da litar baƙin mai ɗaya, galan ɗin ruwan lagireto, fiyus, da lambar bakanikenka a waya, don tsakanin Jebba da Mokwa in kwayil ya mutu babu mai saida maka shi, sai ka kai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.